ƊORI A ƘASAR GOBIR: WANE HAƘƘI WANDA YA KARYE KE DA SHI?

A faɗin ƙasar Sabon Birni da Isa, in mutum ya karye, da wuya a ji wanda ya fara ambaton asibiti. Sunan da kan fara fitowa daga bakin 'yan'uwa shi ne na maɗori, kuma kafin mata su gama salati an riga an tura yaro ya kira shi, ko kuwa an shimfiɗa mai karayar a kan amalanke an nufi ƙofar gidansa. Wannan al'ada ta girmi garin Sabon Birni kansa, wanda Ɗan Halima ya kafa shekaru da dama bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, har yanzu kuwa ba ta nuna alamar tsufa ba.

Bisa ga ƙidayar shekarar 2006, Ƙaramar Hukumar Sabon Birni na da mutum sama da 200,000, ta Isa kuwa kusan 150,000, kuma an daɗa yawa tun daga lokacin. Akasarinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, watau mutanen da ƙarfin hannu da ƙafa shi ne jarinsu. Abubuwan da ke karya su sanannu ne: kabu-kabu, motocin kasuwa masu lodi har sama, faɗowa daga bishiya ko daga kan raƙumi, da katangar da damina ta jiƙa. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin harsashi, da gudun tsira cikin duhun dare.

Ba rashin wayo ke kai jama'a wurin maɗori ba. Yana kusa, yana jin maganarsu, kuma ba ya cewa a biya kafin ya taɓa. Manyan asibitocin da ke garin Isa da na Sabon Birni suna iyakar ƙoƙarinsu, amma karayar da ke bukatar tiyata sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko na Dala a Kano wanda aka buɗe tun 1959. Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato tafiya ce da ta haura kilomita 150, a kan hanyar da ta zama abin tsoro. A watan Disamba na 2021 aka ƙone motar matafiya 'yan Sabon Birni kusa da Gidan Bawa a ƙasar Isa, 'yan sanda suka ce mutum 23 suka mutu. A watan Yuli na 2024 'yan bindiga suka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana dawowa daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu cikin watan Agusta. Uban da ya san waɗannan labarai, in ya zaɓi maɗorin ƙauyensu a kan wannan tafiya, ba wanda zai ce bai yi lissafi ba.

INDA HAƊARIN YAKE

Aikin ɗori ba ɓoyayye ba ne. Maɗori kan shafa wurin da yatsunsa ya ji inda ƙashi ya rabu, ya sa ƙarfafa biyu su riƙe mai karayar, ya ja gaɓar har bakin ƙashin ya fuskanci ɗan'uwansa. Sa'an nan ya shafa man shanu ko wani haɗi na gidansu, ya naɗe da tsumma, ya jera karare ko 'yan sandunan da aka saƙa kamar asabari, ya ɗaure, ya yi tofi. Ga karayar da ba ta fasa fata ba, ba ta kuma shiga cikin gaɓa ba, sau da yawa wannan ya isa, domin ƙashi shi ke haɗa kansa muddin an hana shi motsi. Hannun yaro kan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida, ƙashin ƙwabrin babba kuwa yakan ɗauki wata uku ko huɗu. Dubban mutanen da ke noma a fadamun Rima da Bunsuru a yau da ƙafafun da maɗora suka gyara suke takawa, kuma duk wanda ya musanta haka bai yi adalci ba.

Haɗarin yana cikin kwana ukun farko. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku. In an ɗaure ta tamau tun ranar farko, kumburin ba shi da inda zai tafi sai ciki, ya matse hanyoyin jini. Tsokar da jini ya daina kai mata kuwa takan fara mutuwa cikin kimanin awa 6, abin da ya mutu kuma ba ya dawowa. Jiki yana ba da sanarwa tun da wuri: ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon ya lafa, musamman in an miƙe yatsun, yatsu su yi sanyi, su mace, su yi duhu, daga baya bororo ya fito a gefen ɗaurin. Maganin wannan a matakin farko ba ya cin ko sisin kwabo, domin kuwa kwance ɗaurin ne kawai, a kuma hanzarta zuwa asibiti.

Abin takaici shi ne yadda ake fassara waɗannan alamu a cikin gida. Yaro ya kwana yana kuka, sai a ce ɗori ne ke kamawa. Saurayi ya ce yatsunsa sun mace, sai a ce masa namiji ba ya raki. An kuma riga an gargaɗi mutanen gida cewa kada wanda ya taɓa ɗaurin sai wanda ya ɗaura, shi kuwa mai yiwuwa ya ce zai dawo bayan mako guda. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan wuri mai ɗakin ne kaɗai ba a saurara wa.

Yara ne suka fi shan wannan wahala, musamman a karayar da ke aukuwa dab da gwiwar hannu, inda babbar jijiyar jini ke bi ta gaban ƙashin. In Allah ya taƙaita, hannun ya tsira amma ya ƙandare, yatsu su lanƙwashe kamar ƙafar shaho, ba ya riƙe fartanya, ba ya riƙe alƙalami. Wani likitan Jamus mai suna Richard von Volkmann ya bayyana wannan naƙasa tun 1881, ya kuma ɗora laifinta a kan ɗauri mai tsanani. Abin lura kuwa shi ne likitocin Turai na zamaninsa yake yi wa gargaɗi, domin filastar asibiti ma in an matse ta haka take yi. In kuwa abin ya wuce nan, gaɓar ta ruɓe, ba sauran dabara sai yankewa don a ceci rai.

Daga nan ne maganar nan ta samo asali, cewa asibiti yanke ƙafa suka iya. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya tafi birni da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya ba ya tambayar kwana nawa ƙafar ta yi a ɗaure kafin a tafi. Saboda haka in nasa ɗan ya karye, sai ya ƙara jinkiri, jinkirin kuma ya sake haifar da yankewa.

LADUBBAN SANA'A

Ɗori sana'a ce ta gado, tana da ladubbanta tun kafin a rubuta wata doka. A garuruwan Hausa da dama akwai sarautar Sarkin Ɗori. Maɗorin ƙwarai ba ya yanka wa mai ciwo farashi, ba ya korar talaka, yakan karɓi abin da aka ba shi bayan an warke, yakan kuma tako da ƙafarsa ya duba aikinsa. Waɗannan halaye ne da asibitoci da yawa za su amfana in sun koya.

Sai dai akwai ladabi guda wanda ya fi sauran wuya, watau mutum ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce wannan ya fi ƙarfina. Sunan gida ne ke kan mizani, ga kuma wani maɗori a ƙauyen gaba da zai karɓi aikin ba tare da tambaya ba. Amma akwai karayar da ba ta hannun maɗori ba ce, komai gwanintarsa da ta kakansa. Wadda ƙashi ya fasa fata, ko wadda harsashi ya yi, tana bukatar wankewa a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora, cikin 'yan awoyi. In aka shafa mata mai aka rufe, an rufe ƙura da datti a cikin ɓargo ke nan. Karayar wuyan ƙashin cinya ga tsofaffi ba ta cika haɗewa da kara ba. Haka kuma karayar da ta ratsa cikin gaɓa, da ta ƙugu, da duk wadda ta shafi wuya ko gadon baya. Maɗorin da ya san haka ya yi shiru don kare sunansa ya ci amanar wanda ya miƙa masa jikinsa. Ga kuma wasu sababbin shiga da ba su taɓa zama gefen uba ko kaka ba, sai allo a bakin hanya da lambar waya, har da masu haɗawa da allura da ƙwayoyin kashe zafi. Wannan ya fi muni, domin zafin da suke kashewa shi ne ɗan saƙon da zai faɗa cewa ɗaurin ya matse.

Shari'ar Musulunci, wadda jama'ar wannan yanki suka fi sani, ba ta bar wannan batu a buɗe ba. Malaman fiƙihu, bisa wani hadisi da Abu Dawuda ya ruwaito, sun ɗora wa jahilin mai magani lamunin ɓarnar da ya yi. Gwani kuwa da ya yi aiki da izini, bai ƙetare iyakar sana'arsa ba, ba shi da laifi in abu ya ƙi. Diyyar hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyyar rai ce. Watau faɗin cewa ƙaddara ce, ko da yake gaskiya ne, bai taɓa zama dalilin da zai hana a tambayi yadda aka yi aikin ba.

WA KE DA TA CEWA?

In an kewaye mai karaya ana shawara, kowa na magana sai shi. Uba da baffanni su ke yanke hukunci a kan yaro, miji a kan matarsa. In kuwa mota ko babur ne ya buge shi, sau da yawa wanda ya yi bugun shi ne zai biya kuɗin jinya, don haka muryarsa kan yi ƙarfi wajen zaɓar inda ya fi araha. Mace takan sha ƙarin wuya: ana jiran izinin mijin da ya tafi cin rani, ko kuwa a buɗe mata jiki a zauren da ke cike da 'yan kallo.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta lissafa masu maganin gargajiya a cikin tsarin kiwon lafiyar Nijeriya tun a sashenta na farko. Sashe na 23 ya ce a sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin jinyar da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da kuma ikonsa na ƙin karɓa, a cikin harshen da yake ji. Sashe na 26 ya hana fallasa sirrinsa. Ranar 31 ga Yuli, 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyata guda 12, wadda hukumar kare masu sayayya ta tsara tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Kotun Ƙoli kuma ta yi magana sau biyu. A 2001, a shari'ar da aka fi sani da sunan Dakta Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin jinya ko da zai mutu. A 2019 ta yanke cewa wannan iko bai ba iyaye damar hana yaro jinyar da za ta ceci ransa ba.

In an sauko da waɗannan daga takarda zuwa zauren maɗori, ma'anarsu mai sauƙi ce. Magidanci na da ikon zaɓar ɗori a kan asibiti, ba mai tilasta masa, amma sai an faɗa masa gaskiyar abin da ya zaɓa. Yana da ikon cewa a kwance a duba. Yana da ikon tashi ya tafi wani wuri ba tare da an tsorata shi da cewa ƙafar za ta lalace don ya raina gado ba. Hannun yaro kuwa amana ce a wurin ubansa, ba abin da zai yi caca da shi ba.

GADON BAYA DA DARASIN WASU ƘASASHE

Ba karaya kaɗai ake kai wa maɗora ba. Masu ciwon baya da na wuya, da masu targaɗe, kan je a ja su, a murɗa, a danna har a ji ƙas. A ƙasashen Turai da Amurka wannan aiki na gyaran gadon baya da hannu sana'a ce mai zaman kanta, ana kiranta kairofiraktik, tarihinta kuwa yana da abin koyo. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya fara ta a garin Davenport na Jihar Iowa a 1895, yana da'awar cewa galibin cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke. Binciken likitoci bai gaskata wannan da'awa ba. Abin da ya nuna shi ne aikin kan ɗan rage ciwon ƙasan baya, daidai da wasu hanyoyin jinya. A 1906 aka ɗaure Palmer a kurkuku don yin magani ba da lasin ba. Amma ɗauri bai kashe sana'ar ba, jama'a suka ci gaba da zuwa. Daga bisani hukumomi suka sake dabara: Jihar Kansas ta yi dokar ba su lasin a 1913, Ingila ta yi tata a 1994 tare da majalisar da ke riƙe da rajistarsu, tana sauraron ƙorafi, tana kuma iya soke sunan wanda ya yi ɓarna. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horo da kariya ga masu sana'ar, inda ta jera wuraren da aka hana su taɓawa sam: sabuwar karaya, ƙari a gadon baya, ƙwayar cuta a cikin ƙashi, da tarin tibi da ya shiga ƙashin baya. Murɗa wuya ma, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da tsagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ake bukatar a sanar da mutum kafin a yi masa.

Wannan na tibi ya shafi ƙasar Gobir kai tsaye, domin cutar tana nan da yawa a Nijeriya. Mutumin da baya ke yi masa ciwo wata da watanni, yana ramewa, yana zufa da dare, in aka danne shi da ƙarfi ana iya murƙushe ƙashin da cuta ta riga ta cinye, laka ta taɓu, ƙafafu su mutu. Haka wanda ya faɗo daga mota yana kukan wuya, aka zaunar da shi aka ja kansa.

A Nijeriya, hukumar da Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa don rajistar ma'aikatan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ita ke kula da masu kairofiraktik, waɗanda 'yan ƙalilan ne, a manyan birane. Maɗori, wanda shi ne ke taɓa ƙasusuwan talakawa a kullum, ba ya cikin wannan rajista. In ya yi kyau ba mai rubutawa, in ya yi ɓarna maganar kan ƙare a zauren mai unguwa ko dagaci da ban haƙuri.

ALHAKIN ASIBITI

Ba daidai ba ne a tara laifi duka a ƙofar maɗori. Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar 2017 a kan waɗanda aka harba ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su fara jinya ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin aiki ba, su sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. Mutanen ƙauye da yawa ba su taɓa jin waɗannan ba. Abin da suka sani shi ne kuɗin hoto, kuɗin ƙarfe, kuɗin jini, da tsawar da za a daka musu in an ga alamar kara a jikin ɗansu. Uban da aka kunyata a gaban jama'a don ya fara zuwa wurin maɗori, gobe in ɗorin ya ɓaci sai ya ɓoye har wari ya tona. Wanda kuma aka miƙa wa takarda da Turanci ya dangwala hannu cewa ya ɗauke majiyyacinsa da kansa, ba tare da an zaunar da shi an yi masa bayani da Hausa ba, ba a ba shi haƙƙin da sashe na 23 ya tanada ba.

An taɓa gwada wata hanya a kudancin ƙasar Habasha, aka buga sakamakonta a 2005. Likitoci sun duba littattafansu na shekara biyu, suka tarar an yanke gaɓoɓi 49, daga ciki 25 saboda ruɓewar da matsattsen ɗauri ya jawo. Maimakon su kai ƙara, sai suka gayyaci maɗora 112 zuwa bita ta yini ɗaya tak, rukuni rukuni har sau goma, suka kuma horar da ƙananan ma'aikatan lafiya na karkara. A shekara biyun da suka biyo baya yankewa ta sauko zuwa 25, na ruɓewar ɗauri kuwa daga 25 zuwa 7.

Irin wannan bita ba ta fi ƙarfin Sashen Lafiya na ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni ba, in hakimai da dagatai suka kira maɗoran ƙasarsu, tun da su suka san na gado da na bakin hanya. Abin da za a koyar bai da yawa: a bar yatsu a waje don a riƙa ganinsu, a sa auduga ko tsumma mai kauri ƙarƙashin kara, a bar wurin da yatsa zai shiga tsakanin ɗauri da fata, a ɗaga gaɓar sama, a dawo a duba kashegari, a kuma ba mutanen gida izini a fili su kwance da kansu in alamun nan sun bayyana cikin dare. Sauran shi ne sunayen karayar da za a tura gaba nan take, da lambar wayar ma'aikaci guda a babban asibitin Isa ko na Sabon Birni wanda maɗori zai kira ya ce ga wanda na turo, a karɓe shi ba tare da gori ba.